Ƙoƙon kai, takobin Japan da tulu: nazarin zanen Harmen Steenwyck

A gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan akwai wani ɗan allon katako da Harmen Steenwyck, mutumin garin Delft na ƙasar Holan, ya zana da fentin mai wajen shekarar 1640. Faɗinsa bai kai santimita 51 ba, tsayinsa kuwa 39 da 'yan kai. Wani basarake, Lord Savile, shi ya ba gidan kyautarsa a 1888. Sunan da aka rubuta masa a bango yana cewa misali ne na banzar rayuwar ɗan Adam, amma mutanen baya ne suka laƙaba masa wannan dogon suna. Masu ƙidayar kayan gado a Holan ta wancan zamani, in suka tarar da irinsa a ɗakin mamaci, kalma ɗaya sukan sa a takarda, vanitas, wato "banza" a harshen Latin, su wuce abu na gaba.

Babu mutum mai rai a cikin zanen. Tebur ne na katako, an jibge kaya a kansa, tarin yana ƙara tudu ta hannun dama. A tsakiya ƙoƙon kan mutum ne, ba muƙamuƙin ƙasa, haƙora kuma sun zube sai ɗaiɗaiku. Kewaye da shi akwai littattafai, da sarewa, da bakin wani abin busa ɗan uwan algaita, da wani abin kiɗa mai tsirkiya dangin udu na Larabawa, da ƙyallen alharini, da agogon aljihu a buɗe, da fitilar mai wadda yanzun nan ta mutu, siririn hayaƙi yana tashi daga lagwaninta. Wani takobi na Japan ya ratsa tarin, ƙotarsa ta miƙo waje. Can gefen hagu, ita kaɗai, katantanwar teku ce mai sheƙi. A ƙarshen dama kuma wani babban tulu. Kusan rabin allon fanko ne, bango kawai mai ruwan toka, sai haske da ya keto shi a karkace daga sama ta hagu ya sauka daidai kan ƙoƙon.

Aikin hannun kansa ya cancanci a tsaya a kai, domin shi ne rabin maganar. Masu zanen Holan sukan sayi allon itacen ok, galibi wanda jiragen ruwa suka kawo daga ƙasashen Baltik, su shafe shi da alli da gam, su goge har ya yi sumul. Launi gari ne da ake niƙawa a kan dutse tare da man da ake matsewa daga irin tsiron lilin. Amfanin wannan mai shi ne ba ya saurin bushewa, kuma ana iya shimfiɗa shi siriri har launin ƙasa ya riƙa leƙowa ta cikin na sama. Da haka ne Steenwyck ya raba wa kowane abu nasa sheƙin. Ƙashi ya fito busasshe, mai ɗan rawaya, haske yana zama a kansa ba ya tsalle. Katantanwa kuwa kamar jiƙaƙƙiya, da ɗigon farin darma guda a inda haske ya buge ta. Hayaƙin fitila ɗan jan buroshi ne kawai, da ƙyar ido ke kama shi. Launukan duka kaɗan ne: ƙasa-ƙasa, toka-toka, da ɗan ja a jikin alharini. Wanda ya yi wannan aiki ya daɗe yana kallon kayan nan, kuma ba kallon ƙyama ba ne.

Me ya kawo ƙoƙon kai cikin falo

A 1566 masu bin sabon tafarkin Furotesta suka faɗa wa majami'u a ƙasashen Holan suna farfasa gumaka da hotunan waliyyai. Bayan shekara biyu aka shiga yaƙi da Sifaniya wanda bai ƙare ba sai 1648. A lardunan arewa da suka ɓalle, mabiya koyarwar malamin Furotesta John Calvin suka yi rinjaye, suka bar bangon majami'u fari fat. Mai zane ya rasa babban mai sayensa. Sai ya juya ga kasuwa: 'yan kasuwa, masu saƙa, likitoci, masu gidan burodi. Wani Baturen Ingila matafiyi, Peter Mundy, da ya zo Amsterdam a 1640, ya rubuta mamakinsa cewa har mahauta da maƙera da masu gyaran takalma suna rataye zane a wuraren sana'arsu. Kasuwa mai faɗi irin wannan ta sa kowa ya kama layinsa. Wani furanni kaɗai yake zanawa, wani kifi, wani teburin karin kumallo. Wasu kuma suka kama ƙoƙon kai.

An haifi Steenwyck a Delft wajen 1612. A 1628 aka kai shi Leiden wurin kawunsa David Bailly don ya koyi sana'a, daga baya ɗan'uwansa Pieter ya bi shi. Ya koma Delft a farkon shekarun 1630, ya shiga ƙungiyar masu zane ta garin. Leiden ɗin nan ita ce cibiyar wannan salo. Ba a can aka fara shi ba, tunda Jacques de Gheyn na biyu ya riga ya zana ƙoƙon kai da kumfa da tsabar kuɗi tun 1603, zanen da yanzu yake gidan tarihi na Metropolitan a New York. Amma a Leiden ya samu ƙasa mai albarka. Garin yana da jami'a tun 1575, matattarar malaman addini. A jami'ar akwai ɗakin fiɗar gawa inda aka tsayar da ƙwarangwal suna riƙe da tutoci masu rubutun Latin na tuna mutuwa, jama'a suna biya su shiga kallo. Annoba kuma ta shiga garin a 1624 da 1635, ta kwashi dubban mutane. Yaron da ya koyi zane a tsakanin waɗannan shekaru biyu ba a littafi ya san mutuwa ba.

Tushen maganar a addinance yana cikin littafin Mai Hadishi na Tsohon Alkawari, wanda ya buɗe da cewa kome banza ne. A 1637 aka fitar da fassarar Littafi Mai Tsarki da hukuma ta ɗauki nauyi cikin harshen Holan, saboda haka ayar tana bakin mutane sosai a lokacin da aka yi zanen.

Karatun da kowa ya sani

Akwai karatun da ake koya wa ɗalibai, kuma daidai yake iyakar inda ya tsaya. Littattafai ilimin ɗan Adam ne. Kayan kiɗa jin daɗin jiki ne, sauti kuma da ya fita ya tafi. Takobi iko ne, alharini da katantanwa dukiya. Agogo lokaci ne mai gudu, fitila rai ne da ake hurewa. Ƙoƙon kai shi ne inda duka suka nufa. Masanin tarihin zane ɗan Suwidin, Ingvar Bergström, ya kasa kayan irin waɗannan zane-zane gida uku: na rayuwar duniya, na shuɗewarta, da na tashi bayan mutuwa. Da wannan ma'auni mutum zai iya gama karanta allon Steenwyck cikin minti biyu ya matsa ga na kusa da shi. Yawancin masu ziyara haka suke yi.

Matsalar ita ce wannan karatu ya mai da zanen jadawali, kowane abu da fassararsa a gefe. In haka ne, kowane takobi zai yi aikin. Amma Steenwyck bai zana takobin sojan Holan ba, wanda yake a kowace kusurwa a ƙasar da ke cikin yaƙi. Na Japan ya zana, da naɗin ƙotarsa da kubensa mai sheƙi. Tambayar da ta fi amfani ita ce ta yaya takobin Japan ya zo teburin wani saurayi a Delft.

Amsar tana bakin ruwa. A 1602 aka kafa kamfanin Holan na cinikin Gabashin Indiya, wato yankin kudu maso gabashin Asiya, wanda ake kira VOC. Yana da rassa shida, ɗaya daga cikinsu a Delft yake. Tun 1609 kamfanin ya buɗe shago a Hirado ta Japan. A 1639 mahukuntan Japan suka kori 'yan Fotugal, a 1641 kuma suka tattara 'yan Holan suka killace su a ɗan tsibirin Dejima a gaɓar Nagasaki. Daga nan har sama da shekara 200 su kaɗai ne Turawan da ke ciniki da Japan. Wato an yi zanen nan daidai lokacin da ƙofar Japan ke rufewa ga duk Turawa ban da 'yan ƙasar mai zanen. Ɗan Delft da ya ga wannan takobi a bango ya san ba kowa ke da shi ba. Abin alfahari ne kafin ya zama abin wa'azi.

Akwai kuma ɓangaren da allon bai faɗa ba. A 1621 gwamnan kamfanin, Jan Pieterszoon Coen, ya ci tsibiran Banda, a Indonesiya ta yau, da yaƙi don ya mallake cinikin gyaɗar ƙamshi, aka kashe ko aka bautar da mafi yawan mutanen wurin. Manyan garin 44 da aka yanke wa hukuncin kisa, sojojin haya 'yan Japan ne suka sare su da takubbansu bisa umarnin kamfanin. Babu hujjar da ta haɗa takobin da ke cikin zanen da wannan ta'asa, kuma ba za a ɗora wa Steenwyck nufin da bai bayyana ba. Amma hanyar da ta kawo irin wannan kaya Holan ke nan. A ɗaya gefen duniya ma, ɗan'uwan kamfanin mai kula da yamma ya ƙwace sansanin Elmina, a Ghana ta yau, daga hannun 'yan Fotugal a 1637, ya zama babbar tashar fataucin bayi. Kuɗin da ke sayen zane a biranen Holan daga irin waɗannan rafuka yake gangarowa.

Katantanwar ma labarinta kusan ɗaya ne. Irin ta tekunan kudu maso gabashin Asiya ce, kuma a lokacin attajirai suna tara su a akwatuna na musamman, suna zuba kuɗi masu yawa a kai. Har abin ya zama na ba'a. Roemer Visscher, ɗan kasuwar Amsterdam da ya fitar da littafin hotuna masu karin magana a 1614, ya sa hoton katantanwa ya rubuta a kai cewa abin takaici ne irin abin da wawa ke kashe kuɗinsa a kai. Ya yi wa masu haukan furen tulip irin wannan habaici, shekara 23 kafin kasuwar tulip ɗin ta rushe a watan Fabrairun 1637. Saboda haka mai kallo na 1640 yana iya ganin abubuwa uku a katantanwa guda: kayan gayu, wautar masu tarawa, da gidan da mai shi ya mutu ya bari. Na ukun ne ya haɗa ta da ƙoƙon kai. Steenwyck ya ajiye su biyun a layi ɗaya, kowanne ƙwanso mai tauri da ya taɓa ɗaukar abu mai rai, ya bar tazara tsakaninsu don ido ya yi tafiyar da kansa. Wannan, a ganina, shi ne mafi kyawun tunani a allon, kuma babu jadawalin alamomi da zai nuna maka shi.

Fuskar da ke cikin tulu

Wanda ya matsa kusa da tulun ya ƙura ido zai ga inuwar fuska a jikinsa. Asali ba tulu ne a wurin ba. Steenwyck ya fara zana kan mutum, wanda masana da dama ke ɗauka gunkin wani sarkin Rum ne, daga baya ya shafe ya ɗora tulu a kai. Fentin mai yana da wata ɗabi'a: yana tsufa yana ƙara zama garai-garai, har abin da aka binne a ƙasa ya fara bayyana. Haka fuskar ta dawo ba da izinin mai zanen ba.

Wannan gyara ya nuna yadda mutumin yake aiki. In alama kaɗai yake nema, kan sarki ya fi tulu ƙarfi nesa ba kusa ba. Mulki da ya shuɗe, daular da ta rushe, duk suna ciki. Amma fuska tana jan ido fiye da kome, kuma kawuna biyu a ƙaramin allo za su yi kishi da juna. Bayani mai yiwuwa ke nan, kuma ya yi daidai da abin da ido ke gani: ya sadaukar da alama mai ƙarfi don tsarin hoto ya zauna. Tulun da ya maye gurbin kuwa har yau ba a daidaita kan ma'anarsa ba. Wasu sun ce na giya ne, wato shaye-shaye. Wasu sun ce na man fitila ne. Wasu sun tuna ayoyin da ke kamanta mutum da kaskon yumɓu mai saurin fashewa. Yana yiwuwa kuma abin da ya buƙata a wannan kusurwa shi ne abu mai nauyi, mai duhu, mai zagaye, da zai tare tarin kada ya zube.

Sai batun kashi na uku na Bergström. A zane-zanen vanitas da yawa akan naɗa wa ƙoƙon kai zangarniyar alkama ko ganye mai hawa bango, alamar cewa ƙwayar da aka binne za ta tsiro. A nan babu ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne hasken nan da ya keto fankon bango. Masu karatun addini suna cewa shi ne bege: rabin allon na ƙasa duniya ce da tarkacenta, rabin sama kuma abin da ba a iya zanawa. Karatu ne mai kyau, kuma ya dace da mutanen da suka ƙi a zana Ubangiji ko mala'iku. Sai dai irin wannan haske na karkace ya cika zane-zanen Holan na shekarun 1630, har da na Pieter Claesz da Willem Claesz Heda a Haarlem, inda yake sauka a kan kifi da burodi da ɓawon lemo. Salo ne na zamanin. A allon Steenwyck ya samu nauyi na daban saboda abin da ya sauka a kai.

Rigimar masana

Wannan rashin tabbas shi ne ya raba masana tarihin zane biyu a ƙarni na 20. Eddy de Jongh da mabiyansa, musamman bayan baje kolin da aka yi a Rijksmuseum na Amsterdam a 1976, sun ce zanen Holan cike yake da ɓoyayyun darussa, kuma mabuɗinsu yana cikin littattafan karin magana irin na Visscher. A 1983 Svetlana Alpers ta Amurka ta fito ta ce an wuce gona da iri. A wurinta 'yan Holan mutane ne masu son duba abu da siffanta shi, masu taswira da madubin ƙara girma, kuma zanensu aikin ido ne kafin ya zama na wa'azi.

A kan allon Steenwyck, ba wanda zai ce babu darasi. Ƙoƙon kai kusa da agogo ba ya buƙatar tafinta. Amma darasin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba shi ne ya ci wa mai zanen makonni ba. Duk mai sayen ya riga ya san zai mutu, ya ji a majami'a, ya ga makara a titi. Abin da ya biya kuɗi a kai shi ne gwanintar da ta sa hayaƙi ya tsaya cak a kan katako, ta sa takobin da watakila ba zai taɓa mallaka ba ya shigo ɗakinsa. Mai karatu Bahaushe ya san maganar nan ta duniya budurwar wawa, kuma ya san mai wa'azin da ya iya bakinsa yakan fara da kwatanta kyawunta har mai sauraro ya kusa mantawa da inda aka nufa. Bambancin shi ne wa'azin Steenwyck kansa kaya ne, mai farashi, da ake ratayewa a falo baƙi su yaba, a raba shi a gado tare da agogo da alharini. Masu zanen sun san da wannan. Kawunsa Bailly, a babban zanensa na 1651 da ke gidan tarihi na Lakenhal a Leiden, ya jera zane-zane da gumaka da sandar mai zane a cikin kayan banza, tare da ƙoƙon kai da kumfar sabulu. Ya zana saurayi yana riƙe da hoton tsoho, alhali shi kansa yana da shekara 67, kuma da yawa suna ɗauka duka fuskokin biyu nasa ne. Sana'ar tasu ma sun sa ta a kan teburin.

Manyan masu ra'ayin zane na lokacin ba su ga girman irin wannan aiki ba. A Faransa, André Félibien ya jera nau'o'in zane daraja-daraja a ƙarshen shekarun 1660, ya sa zanen tarihi da na addini a sama, zanen abubuwa marasa rai a can ƙasa, wai kwaikwayo ne kawai ba tunani. Sanya ƙoƙon kai da littafi a tebur wata hanya ce ta amsa wannan raini tun kafin a rubuta shi: ga zanen kaya da ke ɗauke da magana irin ta malamai. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa salon ya yi kasuwa a garin jami'a.

Shi dai Steenwyck bai bar zane-zane da yawa ba, kuma ba duka ne na ƙoƙon kai ba. Ya zana 'ya'yan itace, kifi da tsuntsayen farauta, cikin irin wannan haske mai ruwan toka. A 1654 ya hau jirgi zuwa Gabashin Indiya, yankin da katantanwar teburinsa ta fito, ya dawo a 1655. Sunansa ya bayyana a takardun Delft a 1656, daga nan rubuce-rubucen garin ba su sake ambatonsa ba.